Yadda Goggo Kulu Ta Yi wa Haƙoranta Daɓe

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Goggo Kulu a Tambuwal ya san ba a fara gaisuwa sai an sha ruwa. Kana yin sallama za ta ce, "Riƙe gaisuwarka, ba ta lalacewa." Sai ta nufi gindin ceɗiya, inda randarta take binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, ta ɗaga faifai, ta ciko moɗa ta miƙo maka. Daga nan kuma ka shiga uku, don ba za ta koma ta zauna ba. Tsaye za ta yi a kanka, hannu a ƙugu, ido a maƙoshinka. Ka haɗiya, ta haɗiya. Ka ɗaga kai, ta ɗaga nata.

"Ina yak kai?"

"Goggo, ai yanzu na kurɓa."

"To ina yak kai? Ya wuce maƙoshi? Ya sauka ƙirji? Yi magana mana, ba kurma nib ba ruwa ba!"

In ka ce alhamdu lillahi ka yi shiru, sai ta fizge moɗar. "Godiya ta Allah ta, mun ji. Ni labarin sanyin nika tambaya." Wani bafatake daga Jabo ya taɓa ce mata ruwan ya sauka masa kamar an shimfiɗa masa sabuwar tabarma a ciki. Kai jama'a! Tun daga ranar, duk kasuwar da ya zo ci, har fura take dama masa.

Da yawa cikinku da kuka sha ruwan nan kuna yara kun ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Ba wasa ba ne. Goggo, mai randar da ta fi kowace sanyi a unguwarmu, ta yi shekara da shekaru ba ta kurɓi ruwanta ba. Nata ruwan yana can cikin wata tsohuwar tasa a tsakiyar rana, sai ya yi ɗumi kamar na wankan jariri sannan ta sha, tana yamutsa fuska. Haƙoranta ne ba su shiri da sanyi. Ko ɗigo ya taɓa su sai ta dafe kunci ta durƙushe, ta ce kamar an soka mata allura tun daga dasashi har tsakar kai. Tsamiya haka, kunun zaƙi haka, har iskar safiya ta damina in ta yi hamma ba shiri.

Ni Ige na fi kowa sanin wannan, don yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara fuɗu. Da aka yi mini aure ma katanga ɗaya ta raba gidana da nata, katangar kuma da ƙofa, ƙofar kuma ba ta da ƙyaure, don Goggo ta ce ƙyaure na masu gaba ne.

Abin haushin, haƙoran nan farare ne tas, a jere, ba rami ba giɓi. Wanzami ya taɓa dubawa ya ce, "Kulu, wanne za ni cire? Duka lafiyarsu lau."

Ta ce, "Lafiyarsu lau, tawa ta babu. Haƙoran kowa abinci suka cizo, nawa ni suka cizo."

Buri ɗaya gare ta, ta sha faɗa mini muna tsinkar zogale. "Ba ni roƙon Allah zinari, Ige. Moɗa ɗaya. Moɗa ɗaya ta randata, in buɗa baki da ita ran azumi awa kowane Musulmi, kafin in mutu." In ta faɗi haka ba ta dariya, ni ma ba na yi.

Da kyar na lallashe ta muka je ɗakin shan magani. Malamin asibitin saurayi ne mai sanyin hali. Ya duba bakin da ɗan madubi, ya tambaye ta da me take goge haƙora.

Ta ce, "Toka da yashin gulbi, safe da marece, tun ina budurwa. Tasa ma ba da su aka wanke ta ta yi ƙyalli ba?"

Ya riƙe kai. Ya yi mata bayani a hankali cewa haƙori yana da wata riga mai tauri, ita ce ta kankare da yashin, yanzu akwai waɗansu 'yan ramuka da ido ba ya gani, ta nan sanyi ke shiga. Ya ce ta bar yashi, ta riƙa yin aswaki mai laushi, ta yi haƙuri.

Yashi da aswaki da haƙuri duk sun bi ta bayan kunnen Goggo. Kankarewa da ramuka kaɗai ta ɗauko. Muka kama hanyar gida har muka zo daidai marina. Nan ta tsaya cik ta damƙe mini hannu.

"Ige! Ashe daɓe na!"

"Wane daɓe, Goggo?"

"Ƙasa in ta zaizaye ta yi ramu, mi aka yi mata? Cire ta aka yi? Cike ta aka yi, a buga, a zuba makuba! Shekara nawa ina yi ma ɗiyan mutane, ban yi ma bakina ba!"

Ƙananan cikinku ba ku tarar da ita tana aiki ba. Goggo ce uwar daɓe ta unguwarmu. Ba a buga ƙasar ɗakin amarya sai ta zo da madaɓinta ta tsaya a kan mata, har Sanyinna da Dogon Daji aikowa ake yi a ɗauke ta. Daɓenta in ya bushe, ka zubar da man shanu ka kwashe abinka. To tun daga ranar nan ta marina, haƙoranta suka zama ɗakin amarya.

Da makuba ta fara, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe don ya yi ƙarfi da sheƙi. Kwana uku tana guntsarsa da safe, ta riƙe a baki har sai baurin ya tattare mata leɓe kamar bakin jaka. Ran na fuɗu ta kira ni ta ƙofar katanga ta yashe baki.

"Ya kika gani?"

Oh ni Ige! Haƙoran nan farare sun koma ja-ja baƙi-baƙi kamar cikin tsohuwar ƙwarya. Na ce, "Goggo, sun yi sheƙi." Ban yi ƙarya ba, sun yi.

Ranar kuma ana suna a maƙwabta, ba damar ƙin zuwa. Ta ja mayafi ta rufe baki, tana amsa gaisuwa ta hanci. Sai ga Yarbuga, ƙawarta tun ta ƙuruciya, wadda ba ta ganin tulu a rufe ta wuce. Ta zauna kusa da ita ta yi ta kawo zancen ban dariya har Goggo ta kasa, ta tuntsire, mayafi ya zame. Yarbuga ta leƙa bakin, ta ja baya, ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Mata ku zo ku gani, daɓe ya yi kyau! Kulu, saura jere. Yaushe za a kawo kwanoni?"

Da muka koma gida ta ɗiga ruwan randa a bakin don gwaji, ta yi tsalle ta dafe kunci. Na ce to shi ke nan, a bar makuba. Ta harare ni da ido ɗaya, ɗayan yana hawaye.

"Makuba ba ta da laifi. Ciko na ba mu yi ba. Wa ka zuba makuba bisa rami?"

Wata guda kafin jan ya fita. A cikin watan nan ta yi tunani, ta yanke cewa ba za ta ƙara fara gwaji da bakinta ba. Ta ce, "Mai hankali ba ta gwada sabuwar ƙasa a ɗakin amarya. A akurki aka farawa."

Akurkin kuwa Malam ne, maigidana, Allah ya ƙara masa haƙuri. Kun san shi, maɗinki ne a kasuwa, mutum mai fara'a, ba ya iya gaisawa da kowa bai yi murmushi ba. Kuskurensa ɗaya, wata rana yana shan rake a tsakar gida ya ce, "Kash, ya taɓa mini haƙori." Ashe tana bayan katanga. Tun da ita ta riƙe ni, suruka take a wurinsa, ko idonta ba ya iya kallo, balle ya yi mata musu.

Ran kasuwa da sassafe ya shiga gaishe ta, ya durƙusa nesa, kai a ƙasa.

"Malam, an ce haƙori na damun ka."

"A'a Goggo, ɗan kaɗan ne, ya ma wuce."

"Bai wuce ba. Matso."

Ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na ga tukunyata na neman wuta, na duƙa ina hurawa.

"Buɗe."

Abin da ta tanada katsi ne, laka ta ƙasan rijiyar rini, wadda magina ke ƙonawa su yi shafen soro da ita don kada ruwa ya ratsa. Goggo ta ce abin da ya hana ruwan sama shiga soro ai ba zai bar ruwan randa shiga haƙori ba. Sai dai ita ba ta tsaya ƙonawa ba, ɗanye ta roƙo wurin marina. Ta laƙato da yatsa ta yaɓe masa sama da ƙasa, ta ce kada ya kurkure sai azahar.

Maɗinki kuwa da haƙori yake tsinke zare. Malam ya zauna kan kekensa baki a rufe, yana amsa ciniki da kai, har wani Bafulatani ya kawo farin ƙyalle a yi masa riga. Malam ya manta, ya kai zare baki. Mutumin ya dubi zaren ya koma shuɗi, ya dubi haƙoran, ya dubi leɓen, ya ce, "Af, ashe har rini kake yi? To a haɗa mini duka, amma a yi shi a rijiya."

Kafin la'asar rumfar maɗinka duk ta sani. Kwana uku Malam bai yi wa kowa murmushi ba, har liman ya ja shi gefe ya tambaye shi ko rasuwa aka yi musu ba a faɗa ba.

Da ya dawo daga kasuwa ranar, Goggo na tsaye a ƙofar katanga da moɗa cike.

"Sha."

Ya sha.

"Ya yi zugi?"

"Ko kaɗan, Goggo."

Ta buga cinya. "Kun gani! Na faɗi!"

Bawan Allah bai iya ce mata shi dama sanyi bai taɓa damunsa ba, ɓawon rake ne ya shiga masa tsakani. Da shaidarsa Goggo ta yaɓe nata bakin kwana biyar cur, ta ɗebo moɗa da ƙarfin zuciya, ta kurɓa. Ihun da ta yi sai da kajina suka watse. Can sai ga ta ta leƙo, baki shuɗi kamar ta ci rawanin Buzu, ta ce a hankali:

"Ige, mijinki maƙaryaci na. Amma shina da ladabi."

Na zaci an gama. Ina! Sai ƙanwarta Inno, wadda ke aure a Kebbe, ta aiko da saƙo ta bakin masu kifi cewa can bakin gulbi akwai makankari, ɓawon nan mai kama da cokali da ake kankare tukunya da shi, wai in an ƙona shi yakan zama gari fari sol. Goggo ta ce, "Fari? To shi na. Haƙori fari, makankari fari, dangi na." Ta fara ɗaure kaya.

Malam ya ce ta bari ran kasuwa ya sa ta a mota. Ta ce, "Mota? In biya a girgiza ni? Jaki kyauta shika girgiza ni." Ta ari jakin maƙwabci ta bi ayarin masu gishiri, tsohuwa da furfura, ba yadda ban yi ba.

Kwana goma sha biyu sai ga ta, jaki na tafe mangala biyu cike, kowane taku sai ka ji kacau-kacau. Kafin ta sauke, labari ya zaga unguwa cewa Kulu ta dawo daga Kebbe da kaya niƙi-niƙi. Kowa ya san tsarabar Kebbe busasshen kifi ce. Mata suka cika gida da barka da zuwa, wata har da ɗan kwanonta a ƙarƙashin mayafi. Goggo ta amsa gaisuwa tsaf, ta kwance mangala, ta bi su ɗaya-ɗaya tana ba kowa makankari guda.

Yarbuga ta juya nata ta ce, "Kulu, ina naman?"

"Ya fita unguwa. Gidan nai yab bari, ki yi mai tsaro."

Ta ƙona, ta daka, ta niƙa a dutse, ta tankaɗe da sabon kallabina na Salla, wai rariya idonta ya yi girma. Garin ya fito laushi kamar kwalli. Ta sa 'yar kanwa da kanumfari. Matsala ɗaya, ba ya zama. Tana shafawa miyau ya wanke. Ta gwada haɗa shi da zuma, zaƙin ya tayar mata da zugi. Ta gwada ƙaro, leɓenta suka manne da haƙoran, sai da muka jiƙa da ruwan ɗumi. Ta gwada yauƙin kuɓewa, ta ce ita ba miya ba ce.

Ana cikin haka ɗanta Manu, wanda ke aikin masinja a Kaduna, ya zo ganin gida. Lokacin ko'ina ka zauna zancen mulkin kai ake yi, Manu ya zo da shi cike da baki, ya zo kuma da tsaraba: man goge haƙora na kanti, cikin ɗan kwano mai laushi da ake matsawa, da ɗan buroshi.

Ya ce, "Inna, wannan shi manyan ma'aikata ke sawa. Ki bar wahalar da kanki da ɓawon gulbi."

Goggo ta juya abin ta ga rubutu. Ta miƙo mini, don lokacin na gama ajin Yaƙi da Jahilci na mata, har an ba ni takarda. "Karanta muna mi anka sa ciki."

Na duba. Baƙaƙen duk na san su, amma da na haɗa sai su ƙi zama magana. Na ce, "Goggo, Turanci ne."

"To?"

"Mu Hausa aka koya mana."

Ta karɓe abinta. "Wata nawa kuna fita da allo, an ce kun tafi yaƙi. Ashe ku anka kora."

Manu ya matsa mata kaɗan a buroshi ya nuna mata yadda ake yi. Ta goga, kumfa ya cika baki. Ya ce, "To tofar."

Ta girgiza kai.

"Inna, tofarwa ake yi!"

Ta haɗiye, ta share baki da gefen zane. "Abin da ɗana yas sayo tun daga Kaduna shi za ni tofar ƙasa kaji su taka? Kai ka tofar da naka."

Ta ja iska ta baki. Idanunta suka fito. Ta sake ja.

"Manu. Mi na na wanga? Bakina ya yi sanyi!"

"Haka yake yi, Inna, shi ne daɗinsa."

"La'ilaha illallahu! Ni nic ce a nemo man maganin sanyi, kai ka tafi Kaduna ka ɗauro man sanyin da kai nai cikin kwano!"

Amma ba ta mayar masa ba. Kwana biyu ina ganinta da tsakar rana tana laƙatar ɗan mitsitsi ta ɗora a harshe, ta lumshe ido tana jan iska. Sanyi ne wanda ba ya cizo, ta daɗe ba ta gamu da irinsa ba. Ran na uku tana murza shi tsakanin yatsu sai ta ji yana da danƙo. Ta ƙwala mini kira. Ta zuba garin makankari a ɗan kasko, ta matsa man a kai, ta cuɗa, ta shafa a haƙori. Ya zauna daram.

Buroshin kuwa ta ba jikokinta su riƙa wanke wa 'yartsana kai.

Daga nan muka shiga zamanin da har yau in an tuna a unguwarmu sai an yi dariya. Goggo ta kafa doka: sabon daɓe ba a taka shi. Kullum da hantsi ta yaɓe haƙora, ta rufe baki, ba magana ba ci ba sha sai azahar. Goggo Kulu! Matar da ko atishawa ka yi sai ta ba ka tarihin kakanka! Unguwa ta yi tsit, har tsuntsayen ceɗiya muka fara ji.

Mutane ba su da kirki. Cikin mako guda kowa ya gane lokacin. Yarbuga, wadda ta yi shekaru tana roƙon aron madaɓin Goggo ana hana ta, ta shigo da hantsi ta tsaya gabanta.

"Kulu, madaɓinki nika so. In ba ki yarda ba ki ce a'a."

Goggo ta zare ido, ta kaɗa hannu, ta buga ƙafa.

"Ban ji a'a ba. Allah shi yi albarka." Ta saɓa madaɓi ta fita tana rangaji.

Yara suka riƙa zuwa suna tsinkar mata lalle a gabanta. Har Malam, Malam mai kunya, ya shiga gaisuwa wata safiya, ya durƙusa, ya ce da ƙasa, "Goggo, in kin yafe mini gwaji daga yau, ki yi shiru." Ya jira kaɗan, ya ce, "Na gode," ya tashi da sauri har yana tuntuɓe.

Ita kuwa tana tarawa. Ladan na kiran azahar za ta kurkure baki, ta yi salla, ta fito tsakar gida ta gyara tsayuwa, ta fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar alƙali ya zauna. Wanda ya yi laifi da hantsi ya san ya nemi wurin zuwa kafin rana ta karkata.

Yashi da toka ma ta bar su, wai ba a share sabon daɓe da tsintsiyar kwakwa. Aswaki sai na daddaka mata bakinsa ya yi laushi kamar auduga. Na ce, "Goggo, ai abin da malamin asibiti ya ce ke nan tun farko." Ta ce, "Yaron nan? To ya ji wurin wani mai daɓe."

Ɗan kwanon man nan kuwa ya ga duniya. Da ya ƙare ta kwantar da shi a dutse ta bi shi da madaɓi, bayan ta ƙwato shi wurin Yarbuga. Da wannan ya ƙare ta farka cikinsa da wuƙa ta kankare. Manu ya riƙa aiko wani ta hannun direbobi, kowanne kuma haka ya ƙare.

Wata biyar tana wannan, ba ta gwada ko ɗigo ba. In na ce ta ɗan taɓa mu gani, sai ta ce mai yawan leƙa tukunya shi ka cin ɗanye. Daga baya na gane tsoro take ji. Ta gwada abubuwa da yawa sun kunyata ta, wannan ne na ƙarshe da take da shi, kuma ta ce mini in ya ƙi ba za ta ƙara ba.

Azumi ya faɗo a farkon bazara. Kwana goma na farko ta yi ta buɗa baki da ruwan tasarta mai ɗumi. Ran sha ɗaya aka yi wata rana wadda ko ƙadangare bai fito ba. Da la'asar ta sake wa randa yashi, ta jiƙa shi sosai, ta ce mini, "Yau na."

Muka zauna gindin ceɗiya, ni da ita da Yarbuga, Malam yana can bakin ƙofar katanga kamar mai neman wani abu. Ladan ya kira. Ba wanda ya kai hannu ga kunu. Goggo ta ɗaga faifai ta ciko moɗa.

Ta ce, "In na faɗi, wadda duk tay yi dariya ban yafe ba."

Yarbuga ta ce, "Sha, Kulu. Ba mai dariya." Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Ta yi bisimilla ta kurɓa. Hannunta na hagu ya tafi kunci da kansa, don ya saba. Ta runtse ido. Can sai hannun ya sauko a hankali.

Na ce, "Goggo, yana yi?"

"Shina yi." Ta saurara kamar mai jin motsi a waje. "Amma daga nesa. Awa ana daka a wata unguwa."

Sai ta kafa kai. Ba ta sauke moɗar nan ba sai da ta ga gindinta, ruwa na bin haɓa yana sauka wuya, hawaye na bin ruwan. Ta miƙo mini.

"Ƙaro."

Na ƙaro. Ta shanye.

"Ƙaro."

A ta fuɗu Malam ya kasa haƙuri, ya yi magana daga bakin ƙofa, "Goggo, a bar wa abinci wuri."

"Abinci na ci shekara da shekaru, Malam. Ige, ƙaro!"

Moɗa biyar ta sha. Da kyar muka ɗaga ta ta yi alwala. Muka jera mu uku muka ta da sallar magariba. Goggo ta sunkuya ruku'u, sai cikinta ya ce ƙulum. Ta ɗago, ya ce ƙulum-ƙulum, kamar an ɗora tulu rabi a kan jaki. Na cije leɓe na riƙe. Muka tafi sujada, ya sake. Yarbuga ta saki wata irin ƙara ta hanci ta kife gefe, ni ma na bi ta, Allah ya yafe mana. Goggo ita kaɗai ta kai sallarta, ta yi sallama dama da hagu a natse, ta juyo ta dube mu muna birgima a tabarma.

"Ku tashi ku sake, marasa kunya. Ni tawa ta karɓu, da shaida a ciki."

Mutane sun yi ta zuwa neman garin nan bayan haka. Wasu sun ce ya yi musu, wasu sun ce ƙasa kawai suka ji a baki. Malamin asibiti da ya ji labari ya yi dariya ya ce wataƙila barin yashin ne ya fi taimaka mata, Goggo ta ce hassada ce ta ma'aikata. Ni ban san gaskiyar ba, ban kuwa taɓa matsawa in sani ba. Abin da na gani da idona shi ne bazara biyu ta ƙara a duniya, kuma duka biyun da ruwan sanyi ta yi su.

Bayan kaka ta uku zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida kacal. Ran na shida da hantsi ta motsa baki, na kai kunne, ta ce ruwa. Na ɗebo a randa, na tallafo kanta, ta kurɓa sau uku a hankali, ta riƙe na ƙarshen a baki kafin ta haɗiye. Na ga tana son magana, na ƙara matsowa, ina zaton wasiyya ce.

Ta ce, "Ige, yaran ga na barin randar ga buɗe. Ki riƙa rufewa."

Na ce to, Goggo. Ba ta ƙara cewa komai ba, kafin azahar ta cika.

Allah ya jiƙan Goggo Kulu, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Ta shayar da mutanen da ba ta san sunansu ba alhali ita tana jin ƙishi. Ya Allah ka shayar da ita daga Alkausara, ta sha har ta ƙoshi, ba zugi ko na nesa. Amin.